Babi na 7: Idan Fuskar Hoton Haske Ba Ta Fito Sumul Ba

Hoton haske, wato litofen, allo ne siriri da aka sassaƙe gefe ɗaya. Idan ka riƙe shi a hannu, tudu da kwari kawai za ka gani. Sai an sa fitila a bayansa hoton ke bayyana: inda aka ci allon ya yi siriri haske ya wuce, inda aka bar kauri ya yi duhu. A Turai aka fara yin sa da tangaran, kuma a 1827 Baron Paul de Bourgoing ya yi rajistar dabarar a Faransa. Yau injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, shi ke sassaƙa shi, galibi a farin allon Corian (wani abu mai tauri da ake haɗawa da roba da garin ma'adini) mai kaurin milimita 6, ko a robar akirilik.

Aiki ne da ba ya ɓoye laifi. Bambancin kauri tsakanin wuri mafi haske da mafi duhu bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, saboda haka ɗan kuskuren da ba wanda zai lura da shi a ƙofar katako, a nan fitila za ta tona shi. Kafin ka taɓa kwamfuta, kunna tocila, ka haska allon ta baya, sannan ta gefe, ka bi shi da ɗan yatsa. Kamannin aibin shi zai gaya maka inda ya fito.

Layuka a jere ko'ina

Idan fuskar ta fito da ƙananan kunyoyi a jere kamar gonar da aka yi wa huɗa, tazarar da ke tsakanin layi da layi ce ta yi yawa. Bakin da ake gama aikin da shi, wato ƙarfen da ke yankan allon, kansa a mulmule yake, don haka yakan bar ɗan tudu tsakanin kowane layi biyu. Ka mayar da tazarar kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na faɗin bakin. Baki mai milimita 3, tazararsa milimita 0.3 ke nan. Idan ka ninka ta don ka gama da wuri, tudun ba sau biyu zai ƙaru ba, sau huɗu ne. Gaggawa a nan ba ta da riba.

Layi ɗaya da ya raba hoton

Wannan ne ya fi ɓata rai. Aiki yana tafiya lafiya, sai ka ga daga wani wuri rabin fuskar mutum ya fi ɗaya rabin haske. Zurfin yanka ne ya sauya ana tsakiyar aiki. Yawancin masu koyo kwamfuta suke zargi, alhali sau da yawa laifin yana wurin da sifana ke taɓawa.

Fara da mariƙin baki. Kashe inji, kwance notin, ka fitar da ƙurar da ta taru a ciki, ka mayar da bakin ka ɗaure sosai. Ka ja ɗan layi da maka a jikin bakin daidai inda ya shiga mariƙi. In an gama ka ga layin ya sauko, bakin ne ya zame. In bai motsa ba, kama kan injin ka jijjiga shi sama da ƙasa. Ko ɗan wasa ka ji, akwai noti ko bel da ya saki. In komai a ɗaure yake, wataƙila motar lantarkin da ke ɗaga kan injin da sauke shi ce ke tsallake taki saboda gudu ya yi mata yawa; rage shi.

Ɗaukewar wuta ma tana kawo wannan layin. Kada ka ci gaba da ƙiyasi. Sake ɗaukar sifilin zurfi, wato inda inji ke fara auna zurfin yanka, daga ainihin wurin da ka ɗauka da farko, shi ya sa ake barin wani lungu na allon ba a yanka ba.

Gefe ɗaya ya fi haske

Allon bai kwanta daidai ba. Share teburin inji ya daidaita, ka manne allon duka da salatif mai fuska biyu. Matse gefuna kaɗai ba ya isa, domin tsakiya takan ɗaga idan ta yi siriri.

Narkewa da gashi-gashi

Roba ta narke ta manne a baki? Juyawar baki ta yi yawa, tafiyarsa a kan allo ta yi kaɗan, ko bakin ya dakushe. Rage juyawa, ƙara tafiya, ka sa iska tana kore ɓarɓashi. Akirilik ɗin da aka zuba a mazubi ya fi wanda aka matso jure zafi.

Wani lokaci kuma injin ba shi da laifi. Hoton da aka yi ta turawa a WhatsApp ya riga ya dusashe, kuma inji zai sassaƙa ɗigo-ɗigonsa duka. Nemi na asali.

Kada ka goge fuskar da samfefa mai kaushi, za ta cinye ido da hanci. Soso mai laushi ya isa. Sa takunkumi da tabarau, ƙurar Corian laushi gare ta ƙwarai.

Aikin gwaji

Samo guntun allo. Sassaƙa ido ɗaya sau biyu, na farko da tazarar kashi 20, na biyu da kashi 10, ba tare da ka sauya komai ba. Rubuta lambar kowanne a bayansa, da mintocin da ya ci, ka kawo aji mu haska su tare.