Yadda Ake Gyara Ƙotar Gudumar Piyano In Ta Karye

In ka danna maɓalli ka ji shiru, sau tari ƙota ce ta karye, wato siririn itacen nan da ke riƙe da kan guduma mai ulu, wadda ke dukan wayoyin ƙarfen da ke cikin piyano su ba da sauti. Maganar piyano na tsaye nake, wanda kaurin ƙotarsa wajen milimita 5 da rabi ne.

Fara lalubo kan gudumar tukuna, yawanci yana can ƙasa ya faɗa. Sai ka duba karayar. In tsagewa ta yi a karkace da ɗan tsawo, shafa gam na katako ka haɗa, ka naɗe da zare tamau ka bari ya kwana. In kuwa ta ɓalle gida biyu ne ɓas, kar ka wahalar da kanka, sabuwa za a sa.

Kwance sukurun da ke riƙe da gindin gudumar, ka zare ɗan madaurin da ke maƙale da shi, ka fito da shi. Tsofaffin piyano da gam ɗin da ake yi daga fatar dabba aka haɗa su, shi kuma ɗumi da danshi na sa shi ya saki, toh ka ɗan turara guntun ƙotar da ya rage a cikin rami ka murɗo shi da filaya a hankali, in ya ƙi sai diril, amma fa ka bi ramin yadda yake tun asali don in ka karkata shi ka ɓata aikin gaba ɗaya.

Yanke sabuwar ƙota ka gwada ba gam, ka ɗora rula kan maƙwabtanta biyu ka ga tsayi ya zo ɗaya. Sannan gam. Ni dai bana son sufa gulu a nan, kafin ka saita ya kama, kuma mai gyaran gaba zai sha wuya.

Saiti shi ne ainihin aikin. Tura gudumar da yatsa har ta taɓa wayoyi, a ɓangaren siririyar murya guda 3 ne ga kowace guduma kuma dole ta dake su duka. In ta kauce, sassauta sukuru ka gyara mata zama ka ɗaure. In kuma tana tafiya tana zamewa gefe, cusa 'yar siririyar takarda ƙarƙashin gefe ɗaya na mazaunin sukurun, in abin ya ƙaru ka mayar ɗaya gefen. Kan da ya murɗe kuwa, gasa ƙotar kaɗan da iska mai zafi, ka juya shi ka riƙe har ta huce, kar dai ka bari zafin ya kai ga ulun.