Yawon bakin teku da kare: takardu, zafi da ruwan gishiri

Wanda zai zaga gaɓar teku da karensa lokacin hutu, ba nutsewa ce kaɗai abin tsoro ba. Zafin rana da shan ruwan gishiri suna iya kwantar da kare cikin awa guda, dokar da ba a karanta ba kuma tana iya mayar da mutum gida tun daga kan iyaka.

A fara da takardu, domin su ne ba a iya gyarawa ranar tafiya. Idan za a tsallaka iyaka zuwa ƙasashen Tarayyar Turai ko Birtaniya, sai an dasa wa kare 'yar na'urar shaida mai lamba 15 a ƙarƙashin fata, sannan a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Dasawar ce ke fara zuwa, ko a yi su rana ɗaya. Allurar da ta riga dasawa ba a lissafa ta. Sai kwikwiyo ya kai mako 12 ake yi masa allurar, bayan allurar farko kuma a jira kwana 21. Mai zuwa daga ƙasar da ciwon ya yi yawa sai an gwada jinin karensa aƙalla kwana 30 bayan allura, ya kuma jira wata uku daga ranar ɗiban jinin. Birtaniya, Ailan, Finlan, Norwe da Malta sun ƙara da sharaɗin maganin tsutsar ciki mai sinadarin firazikwantel, wanda likitan dabbobi zai bayar tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin shiga, ya rubuta ranar da lokacin.

Dokar bakin teku kuwa yawanci ƙaramar hukuma ce ke kafa ta, shi ya sa wurare biyu da ke maƙwabtaka kan bambanta. A wurare da yawa ana hana karnuka shiga da rana a watannin da baƙi suka fi yawa, a bar musu sassafe da yamma. A duba shafin hukumar yankin a intanet, a kuma karanta allon da ke bakin hanyar shiga. A Italiya, alal misali, igiyar kare a cikin jama'a ba ta wuce mita ɗaya da rabi, kuma dole a riƙe takunkumi a jaka. Masauki ma a tambaye shi dalla-dalla: kare nawa yake karɓa, mai wane nauyi, kuma ana barin sa shi kaɗai a ɗaki? Masaukai da dama ba su yarda da wannan na ƙarshe ba, shi ne kuma ke sa mutane barin kare a mota.

Motar nan ita ce mafi haɗari. Ranar da zafin waje yake digiri 22 kacal, cikin mota a rufe yana iya kaiwa 47 cikin awa ɗaya, sauke gilashi kaɗan kuma ba ya hana komai. A kan hanya kare ya zauna a keji ko a ɗaure shi da ɗamarar ƙirji da ke haɗe da bel ɗin kujera, ba da abin wuya ba, don birki mai ƙarfi zai shaƙe shi. A ciyar da shi awa uku kafin tashi saboda amai, a riƙa tsayawa duk bayan awa biyu.

Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, kuma iskar bakin teku mai laima tana rage amfanin hakin. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Idan ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari. Karnuka masu gajeren hanci, masu ƙiba da tsofaffi su ne suke fara galabaita. Alamun su ne haki babu tsayawa, dalalar yawu mai kauri, dasashi ya yi ja zur, tangaɗi da amai. In an ga haka kada a ruga mota tukuna: a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, a yi masa fifita, sannan a nufi likita da na'urar sanyaya mota a kunne. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafin ne. Yashi kuma a gwada shi da bayan hannu na daƙiƙa bakwai. Abin da hannu bai jure ba zai ƙona dagin kare.

Kare mai ƙishi zai sha ruwan teku, gishirin ya janyo ruwa zuwa hanjinsa ya kawo zawo. In ya sha da yawa gishiri ya hau a jininsa, sai rawar jiki da farfaɗiya. Maganin shi ne kada ya kai ga ƙishi. A rana ta yau da kullum yana buƙatar kusan mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo na nauyinsa, wato kare mai kilo 20 ya sha fiye da lita ɗaya. Ranar teku a ɗauki ninki biyu, a miƙa masa duk bayan minti 15 zuwa 20. Ƙwallon wasa mai gashi tana kwasar yashi, kare yana haɗiyewa kaɗan-kaɗan har ya toshe masa hanji. Ta roba mai santsi ta fi.

A mafi yawan gaɓoɓi teku na cika sau biyu a rana, lokacin kuma yana jinkirta da kusan minti 50 kullum, don haka jadawalin jiya ba ya aiki yau. Lungun da aka shiga a ƙafa yana iya rufewa da ruwa. A saman tsaunin gaɓa kare ya kasance a igiya, ko da mai jin kira ne. Tsuntsu ɗaya ya isa ya sa ya bi shi a guje ya faɗa ƙasa. Idan ruwa ya ja shi, mai shi kada ya bi shi, ya kira masu ceto.

Inda masunta ke jefa fatsa akwai ƙugiya da ragowar kifi a jikinta. In kare ya haɗiye, kada a ja zaren da ke leƙowa daga baki, kada kuma a yanke shi gajere. Likita na buƙatarsa. Ba a ba kare ibufurofen ko farasitamol na mutane don raɗaɗi. A gaɓar Bahar Rum akwai ƙaramin ƙwaro mai cizo daga magariba zuwa asuba da ke yaɗa cutar lishmaniya, don haka a sa wa kare abin wuya mai maganin korar ƙwari mako ɗaya ko biyu kafin tafiya, ya kuma kwana a ɗaki.

Da yamma a ɗauraye shi da ruwan famfo, a buɗe tsakanin yatsu a fitar da yashi, a lalube jikinsa ko akwai kaska, a tsane cikin kunne da kyau, musamman masu kunne a kwance, domin laimar da ta kwana a ciki ita ke kawo ciwon kunne bayan 'yan kwanaki.