Yadda ake amfani da ƙasar ƙarƙashin itatuwan daji wajen haɗa taki

Ƙasar daji iri ce a wurin mai haɗa taki, ba ciko ba. Abin da ake nema a cikinta shi ne ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye, saboda haka kaɗan ake ɗiba.

Da farko ka nemi inuwar da ganye ya daɗe yana taruwa kuma wutar daji ba ta ci ba, kamar gindin ɗorawa, tsamiya ko gawo. Ka guji gindin bishiyar turare, ganyenta na da mai, ba ya ruɓewa da wuri. Idan ka tona da hannu za ka ga hawa uku. Sama busasshen ganye ne, share shi gefe. Ƙarƙashinsa akwai ganye mai laushi da ya manne da juna, da wani farin zare ya ratsa shi. Wannan zaren fumfuna ne, shi ke iya cin kara da itace, abin da yawancin bakteriya ba sa iyawa. Can ƙasa kuma baƙar ƙasa ce mai ƙamshin ruwan farko, inda tana da ƙadandoniya ke kai da komo. Hawa na biyu da saman na uku za ka kankaro, zurfin santimita 5 ya isa. Ɗebi kaɗan a wurare da dama, ka mayar da busasshen ganyen ya rufe wurin. A buhun algarara za ka zuba, kada ka ɗaure ta a leda ko ka bar ta a rana, kuma ka yi aiki da ita cikin kwana 2.

Tsibin takin ya kai mita 1 a tsawo, faɗi da tsayi, ƙasa da haka ba ya riƙe zafi. Shimfiɗa saran karan gero ko dawa kaurin santimita 20, ɗanyar ciyawa ko harawa santimita 10, kashin dabbobi santimita 5, sai ka barbaɗa ƙasar daji kamar shebur 1, ka yayyafa ruwa. Haka za ka yi ta maimaitawa har sama. Ka damƙi takin a hannu: ya dunƙule, ruwa bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba.

Nan ne ake yawan kuskure. Cikin makon farko tsakiyar tsibin kan kai digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafin na kashe akasarin fumfunar da aka ɗebo. Don haka kada ka dogara ga ƙasar dajin da ka zuba a ranar farko kaɗai. Bayan mako 3 ko 4, idan ka cusa hannu ka ji ɗumi kawai, ɗebo sabuwa kamar bokiti 1 ka gauraya lokacin juyawa. Juyawa kuwa duk kwana 10 zuwa 14 ne, a rufe da ciyawa ko tsohon buhu.

Idan ka ji zarni, kashin dabbobi ya yi yawa ko an cika toka, ƙara kara. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya toshe iska, sai a baje a sake tarawa. Gara ko tururuwa a ciki alama ce ta bushewa, musamman da hunturu. Ƙasa mai yumɓu idan ta yi yawa tana danne tsibin ya ƙi zafi.

Takin kan nuna cikin wata 2 zuwa 3: ya yi baƙi, ya huce, ba a gane kara da ganye. Ajiye bokiti 1 a inuwa, shi zai zama irin tsibi na gaba, ba sai ka koma daji ba.