Yadda ake komawa aikin injiniyan girgije a ƙaramin kamfani a Damagaram

Ƙaramin kamfani ba ya ɗaukar injiniya don burga. Mai kantin magani da ke da rassa uku, ko ɗan kasuwar da ke loda wake zuwa Kano, ko ƙungiyar agaji mai ofis a Damagaram da hedkwata a Yamai, buƙatarsu ɗaya ce: kada bayanai su ɓata, kada aiki ya tsaya, kada kuɗin wata ya zarce abin da aka yi magana. Aikin girgije shi ne hayar kwamfutocin da ke cibiyoyin AWS, Azure, Google Cloud ko OVHcloud, ka sarrafa su ta intanet, ka biya gwargwadon abin da ka ci. A babban kamfani mutane da yawa ke raba wannan aiki. A ƙarami kai kaɗai ne, kuma da haka ya kamata ka tsara karatunka.

Kada ka ajiye aikin da ke hannunka. Mai gyaran kwamfuta, da mai jan wayar rezo, da mai riƙe lissafin kamfani a Excel, da wanda ya fito daga Jami'ar André Salifou yana jiran ɗauka, duk sun riga sun yi rabin tafiya. Awa ɗaya zuwa biyu kullum, bayan asuba ko bayan isha'i, ta fi kwana guda ana karatu a yi mako biyu ba a taɓa ba.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi

Watanni uku na farko ba ka buƙatar girgije ko kaɗan. Kwamfutar hannu mai RAM giga 8 ta isa. Saka VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin taka, ka girka Ubuntu Server 24.04, wani nau'in Linux, a ciki. Fayil ɗin ya kusa giga 3, don haka a sauke shi sau ɗaya a raba wa abokai a filashi. Babu hoto babu dannawa, baƙin allo ne da rubutu, kuma haka sabar gaske take, wato kwamfutar da ke riƙe manhaja da bayanai tana yi wa sauran hidima. Koyi buɗe mai amfani, ba da izinin fayil, shiga saba daga nesa da mabuɗin SSH maimakon kalmar sirri, duba cikar faifai da `df -h`, da karanta rahoton kuskure da `journalctl`. Ka ɓata injin da gangan ka gyara. Wanda bai taɓa kashe sabar gwaji ba, ta maigida zai fara kashewa.

Daga nan sai rezo: adireshin IP, yadda DNS ke mai da suna adireshi, da ƙofofi, wato 22 ta SSH, 80 da 443 na shafin intanet, 5432 ta PostgreSQL, 3306 ta MySQL, waɗannan biyun rumbunan bayanai ne. Mafi yawan "ba ya buɗewa" da za a kira ka a kansa, a nan yake. Ƙara Git, mai ajiye tarihin rubutun manhaja, da ɗan yaren Bash ko Python, daidai rubuta abin da zai yi aiki da kansa cikin dare. Darussa na Faransanci suna da yawa, amma saƙon kuskure da Turancin Ingilishi yake zuwa, dole ka saba karanta shi ko da ba ka iya magana da shi ba.

Ranar buɗe asusu

Zaɓi kamfanin girgije ɗaya ka tsaya a kansa. Za a nemi katin Visa ko Mastercard, sai ka tambayi bankinka ko katin na biya a intanet zuwa ƙasar waje, don ba kowanne ke yi ba. Kafin ka kunna komai, yi abu uku a zama ɗaya: saka tabbaci na biyu a waya, buɗe wani mai amfani na aikin yau da kullum ka ajiye babban asusun, sannan ka sa ƙararrawar kuɗi da za ta aiko saƙo in an kai dalar Amurka 5.

A nan ne sababbi ke ƙonewa, shi ya sa za mu daɗe. Girgije ba ya tambaya ko kana amfani da abu, in yana kunne ana lissafi. A AWS, NAT Gateway guda, wato hanyar da sabobin ciki ke bi su fita intanet, na cin wajen dalar Amurka 0.045 zuwa 0.05 a awa, wato sama da 30 a wata, ko babu abin da ya bi ta cikinsa, kuma darussa da yawa suna sa a kunna shi ba su ce a kashe ba. Tun Fabrairun 2024 kowane adireshin IPv4 na waje ana biyan 0.005 a awa. Ka kashe saba, faifanta na nan ana caji. Shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su ne ke da kuɗi in sun yi yawa. Mafi muni shi ne mabuɗin asusu ya shiga GitHub, shafin da ake ɗora rubutun manhaja, cikin fayil: akwai injuna da ba su da aiki sai laluben irin wannan, su kunna manyan sabobi da sunanka su haƙi kuɗin kirifto, bashi ya hau kanka. Kada mabuɗi ya taɓa zama cikin rubutun manhaja.

Akwai kuma maganar canji. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 sefa 655.957, ba ya motsi. Kamfanin da ke caji da yuro a farashi tsayayye kowane wata, irin OVHcloud, Scaleway ko Hetzner, ya fi sauƙin yi wa maigida bayani fiye da lissafin dala mai hawa da sauka. Ka koyi AWS ko Azure saboda kasuwar aiki, amma kada ka ji kunyar ɗora ƙaramin kamfani a kan saba mai arha in ita ce daidai da shi.

Wajen zaɓen inda sabar za ta zauna, kada taswira ta yaudare ka. AWS ta buɗe cibiyarta ta Cape Town a 2020, amma sau da yawa intanet ɗinmu kan gangara bakin teku ta Benin ko Najeriya ya haura Turai, sai ka ga Paris ta fi saurin amsawa, ga shi ta fi arha. Gwada saurin amsawa da `ping` daga layin da ofis ke amfani da shi, da safe da kuma yamma.

Aiki ɗaya, amma cikakke

Abin da zai sa a yarda da kai shi ne abu guda mai tafiya. Ɗauki manhajar lissafin kaya ko ta rajistar ɗalibai. Saba ɗaya mai ƙwaƙwalwa 2 da RAM giga 4, manhajar a cikin Docker, mai naɗe ta da duk abin da take buƙata, PostgreSQL a baya, Nginx mai karɓar masu buɗe shafi a gaba, takardar tsaro ta Let's Encrypt. Ƙofofin 80 da 443 kaɗai a buɗe ga duniya, 22 kuma ga adireshinka kawai in zai yiwu. Bayan ka gina da hannu, rusa ka sake ginawa da Terraform, mai gina saba daga rubutaccen tsari, ka ajiye rubutun a Git. Kubernetes, mai sarrafa sabobi da yawa a tare, ka bar shi tukuna. Kamfani mai ma'aikata 20 ba ya buƙatarsa, kuma ranar da ya lalace babu wanda zai taya ka.

Zuciyar aikin ita ce ajiyar bayanai. Kowane dare `cron`, mai kunna aiki a kan lokaci, ya kunna `pg_dump` ya kwafi rumbun bayanai, a kulle fayil ɗin, a tura shi ma'ajiyar wani kamfani dabam, kwafi ɗaya kuma ya sauko ofis. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin OVHcloud a Strasbourg, kuma cikin waɗanda suka yi asara har da masu ajiye kwafinsu a wuri ɗaya da sabar. Sannan sau ɗaya a wata ka ɗauko kwafin ka maido shi a wata saba, ka buɗe ka ga cinikin jiya na ciki. Ajiyar da ba a taɓa maidowa ba kamar rumbun da ba a leƙa ba ne tun kaka, sai ranar buƙata a tarar gara ta gama da shi.

Abubuwan da ke kashe ƙananan sabobi ba manya ba ne. Rahotanni su taru faifai ya cika, rumbun bayanai ya ƙi rubutu. Takardar Let's Encrypt kwana 90 take yi, in sabuntawa ta tsaya ba a lura ba, shafi ya fara nuna gargaɗi. Sunan shafi ya ƙare don saƙon tunatarwa na zuwa akwatin wanda ya bar aiki. Kati ya ƙare, a dakatar da asusu. Sa abin sa ido da zai aiko maka saƙo in faifai ya kai kashi 80 cikin 100 ko shafi ya daina amsawa. Ga kuma wanda ya shafe mu musamman: rezo ya yanke kana tsakar sabunta saba, aikin ya tsaya rabi da rabi. Duk dogon aiki ka yi shi cikin `tmux`, wanda ke riƙe aiki a saba ko layi ya yanke, in layi ya dawo sai ka tarar da shi yana tafiya.

Girgije na kare saba daga zafin Afrilu da ƙurar hunturu da ɗaukewar wutar NIGELEC, amma ba ya kawo intanet ofis. Kowa ya ga yadda aka sha a Agustan 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Don haka ofis na buƙatar layi biyu daga kamfanoni biyu, misali Airtel da Moov ko Zamani, da batir ko sola da ke riƙe na'urar rarraba intanet. Wurin karɓar kuɗi kuwa ya iya ci gaba da ciniki babu rezo, ya tura daga baya. Injiniyan da ya kwashe komai ya kai sama, mai sayar da magani ya tsaya yana kallon allo ga layin mutane, bai yi aiki ba.

Takarda da neman aikin

Takardar shaida ɗaya ta isa a farko. AWS Solutions Architect Associate dalar Amurka 150 ce, tambaya 65 cikin minti 130, ana ci da maki 720 cikin 1000, tana aiki shekara 3, kuma akwai ta da Faransanci. A ɓangaren Azure, AZ-104 ce takwararta. Ana iya rubutawa daga gida ta kamfanin jarrabawa Pearson VUE, amma sai da ɗaki shiru, kyamara, da layin da ba zai yanke ba. Yi gwajin na'urarsu a ɗakin da lokacin da za ka rubuta, batir a cike.

Aikin farko galibi ba a tallata shi, a inda kake yake. Kada ka je wa maigida da sunayen fasaha. Ka ce, "Alhaji, in kwamfutar nan ta mutu yau, ina za mu samo lissafin masu bashi?" Nemi izinin fara ajiyar dare kaɗai, ka rubuta masa kuɗinta na wata da sefa. In ta zauna, sai a matsa zuwa na gaba.

In an zo ɗauka, a rubuta. Yarjejeniyar mai wa'adi ce ko ta dindindin, an yi maka rajista a asusun ma'aikata na CNSS, wa ke biyan kuɗin intanet, kuma kiran dare da na ranar hutu yaya ake lissafa shi, don a ƙaramin kamfani wayarka ce za ta yi ƙara. Asusun girgije da sunan shafi su kasance da sunan kamfani da katin kamfani, ba naka ba. Hakan na kare su in ka tafi, yana kuma kare ka daga biyan bashin da ba naka ba. In bayanan marasa lafiya ne ko na abokan ciniki za su fita ƙasa, a duba ƙa'idojin hukumar kare bayanan mutane ta HAPDP kafin a tura. Sannan ka rubuta shafi biyu, inda komai yake, yadda ake maido ajiya, da wanda za a kira, ka buga a takarda ka ba maigida tare da mabuɗan gaggawa a rufaffen ambulan.