Yadda Ake Neman Ƙwararren Likitan Tumbi, Hanji da Hanta a Zamfara

Daga Gusau zuwa Talatar Mafara, duk wanda ƙirjinsa ya yi zafi sai a ce masa olsa ce, ya nufi kemis ya sayi omeprazole, ya yi ta sha shekara da shekaru ba a gano tushen ciwon ba. Alhali akwai alamomin da ba a jinkiri da su, kamar wahalar haɗiya, rama babu dalili, kumburin ciki, ko idanu su koma rawaya. Wanda kuwa ya yi aman jini, ko ya ga bahayarsa baƙa ƙirin kamar kwalta, sashen gaggawa zai nufa a ranar.

Ka fara da babban asibitin garinku, likita ya duba ka ya rubuta takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan buƙatar ta fi ƙarfin nan, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Kafin ka biya kuɗin mota, ka sa a bincika maka ranar da likitan yake zama da kuma ko na'urar leƙa ciki tana aiki.

Ba rashin ladabi ba ne ka tambayi ƙwarewar likita. Dole ya kasance da rajistar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, haruffan FMCP ko FWACP a bayan sunansa kuwa suna nuna ya kammala horon ƙwarewa, amma ka ƙara tambaya ko a fannin tumbi da hanta ya zurfafa, domin likitan zuciya ma yana iya ɗauke da su.

A ganina, inda ake gane likita nagari shi ne zaman farko. Zai saurare ka, ya kwantar da kai ya taɓa cikin, ya tambayi abin da kake sha. Don haka ka zuba duk kwalayen maganinka a leda ka tafi da su, har da jiƙon gargajiya da diclofenac ɗin da ake sha bayan aikin gona, domin irin wannan maganin yana haddasa gyambon ciki. Ka tambaye shi gwajin H. pylori, ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, da na ciwon hanta nau'in B, kuma ka faɗa masa ranar da ka sha omeprazole na ƙarshe, domin yakan ɓoye ƙwayar H. pylori idan ba a dakatar da shi mako biyu kafin gwaji ba.

Idan ya ce za a zura tiyo mai kyamara don leƙa cikin, sai ya bayyana dalili, da kuɗin aikin, da sa'o'in da za ka yi ba ci ba sha, galibi 6 zuwa 8. Ka tafi da ɗan rakiya idan za a yi maka allurar barci, sannan ka karɓi kwafin sakamakon kafin ka bar asibitin.