Kafin ka kwafi madogarar da ChatGPT ya ba ka

'Yan'uwa masu rubuta furojet, ga shawara.

Duk takardar binciken da ChatGPT ya ambata maka, kwafi takenta ka liƙa a Google Scholar, shafin neman takardun bincike na ilimi. In ba ta fito ba, ajiye ta gefe.

Shi ChatGPT harhaɗa kalmomi yake yi bisa hasashe, sai ya ƙago marubuci da shekara, har da shafi, ka rantse gaskiya ne. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 kan shari'o'in bogi da ya ba su.

Sai dai tsofaffin kundayen jami'o'inmu da yawa ba sa intanet. Waɗannan sai laburare. Kuma ko takardar ta fito, buɗe ka karanta, domin yakan jingina mata abin da ba ta faɗa ba.