Kurakuran da ke kashe batirin da ba a zuba wa ruwa

Wallahi na gaji da jin "batirin nan jabu ne". Duk wanda ya kawo min kukan batirin UPS (na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke) ko na fitilar caji ko na ƙaramar sola, in na yi masa tambaya biyu sai in gano shi ya kashe abinsa da hannunsa. Ina magana ne kan batirin dalma da asid wanda aka rufe ruf babu wurin ƙara ruwa, irin 12V 7Ah da yayyensa (V wato volt shi ne ƙarfin wutar, Ah kuma yawan wutar da yake iya ajiyewa).

Kuskuren da ya fi ƙona min rai, don ni ma ya ci ni, shi ne a tsotse batir ƙarƙaf sannan a ajiye shi a haka. Har akwai masu cewa wai sai ka bari ya mutu murus kafin ka sa caji don ya saba, wannan zancen tsohon batirin nikel ne, na dalma bai san da shi ba. Duk sanda yake ba da wuta wani abu kamar farin gishiri na taruwa a jikin farantan ciki, in ka sa caji da wuri sai ya narke ya koma cikin asid, in kuwa ka bar shi makonni sai ya daskare, caja ba ta iya fasa shi. Guda biyu na rasa a haka, na yi tafiyar wata uku na bar su rabi-rabi a jone da inbata, ni a zatona tunda na kashe ta shikenan, ashe tana ɗan tsotsa a hankali. Na dawo na ɗora mitar awon volt na ga 10.3V, na sa caji, ko minti ashirin ba a yi ba fitila ta koma kore wai ya cika, har ina murna, ina kunna fanka minti goma ta tsaya cak. To in ka ga batir na cika da sauri yana ƙarewa da sauri, ya riga ya tafi.

Tun daga nan mita ba ta nisa da ni. Cikakken batir in ya huta yana nuna wajen 12.7, rabi kuma wajen 12.2, ni dai ba na bari ya wuce 12.2 ƙasa. Kuma kar ka gwada shi da zarar ka cire caja, zai nuna maka 13 da ɗoriya ya yaudare ka, bar shi ya yi awanni tukuna. In zan ajiye sai na cika shi, na cire waya gaba ɗaya, duk wata uku na sake cikawa, don ko ba a taɓa shi ba yana zubar da kusan kashi 3 cikin 100 a wata. Wasu na kai wata shida, ni ban yarda ba.

Sai batun caja, nan kam sai na yi faɗa. Haba jama'a, a jikin batirin fa an rubuta komai, amma ba mai karantawa! Wanda ake amfani da shi ana sake caji yana son wajen 14.4 zuwa 14.7, wanda ke zaune a jone kullum kamar na UPS 13.5 zuwa 13.8, kuma 7Ah kar a ɗura masa fiye da 2.1A (A shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana). Na taɓa gaggawa na maƙala wa ƙaramin 7Ah tsohuwar cajar batirin mota mara yankewa da kanta, na manta da shi har dare, da na zo cikinsa ya kumbura ko zama daidai ba ya yi a kan tebur, ga zafi ba ya taɓuwa ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan da ya tafasa ya fita ta bawul ba ya dawowa, kuma ba ka da hanyar mayarwa. Masu jona adaftar laftop mai 19V kai tsaye, abin da ke jiranku kenan. Masu adafta 12V kuma naku bai taɓa cika ba ko sau ɗaya, yunwa ce ke kashe shi sannu a hankali.

Sauran ƙanana ne. Zafi na cin kwanansa, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 rabin rayuwarsa ta tafi, kar ka jingina shi da abin da ke ɗumi. Kar ka haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon. Kar ka kulle shi a akwatin da iska ba ta shiga, yakan fitar da gas mai kamawa da wuta. Sannan 7Ah ɗin nan lissafin awa 20 ne, wato 0.35A a hankali, in ka ja 7A kar ka sa ran awa guda, da ƙyar ya wuce rabin awa.